Wi-Fi a ajin Larabci da Faransanci: a fara da rumbun darasi, intanet ya biyo baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu makarantu, da kwamitocin iyayen yara, da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje da ke aiko wa makarantun Zango gudummawa a nan Kumasi. Maganar sanya Wi-Fi ce a azuzuwan Larabci da Faransanci. Sha'awar abin ta ƙaru tun da aka fara rubuta Larabci a jarrabawar BECE a 2024. Faransanci kuwa dama ba sai an yi masa talla ba a ƙasar da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa suka sa a tsakiya. Duk ɗan Aboabo ko Asawase da ya taɓa tsallaka Aflao ko Paga da kaya ya san amfaninsa. Kuɗin da ake tarawa domin wannan aiki da gumi ake samunsa, shi ya sa ba ma son a zuba shi inda ba zai yi amfani ba.

Abin da muka zo da shi guda ɗaya ne: Wi-Fi daban, intanet daban, kuma ajin koyon harshe ya fi buƙatar na farkon. Wi-Fi hanya ce ta rediyo da ke haɗa wayoyi da kwamfutocin da ke gini ɗaya. Intanet shi ne titin da ke fita daga ginin zuwa duniya, shi ake saya wa data a wurin MTN ko Telecel ko AT. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo rauta, wato akwatin da ke raba intanet ta Wi-Fi, mai cin sim, a loda mata data, a ce wa yara kowa ya buɗe YouTube ya kalli darasi. Bari mu buga lissafi. Bidiyo mai ƙarfin 720p yana buƙatar kusan megabit 2.5 a kowace daƙiƙa. Yara 40 a lokaci guda, megabit 100 ke nan, abin da da wuya sim ɗaya ya ba ka da rana tsaka a unguwa mai cunkoso irin Alabar. A ce ma ya bayar, bidiyon minti 10 yana cin kusan megabait 190 a kowace waya. Ninka da 40, gigabait 7.5 sun tafi a darasi ɗaya, alhali abu ɗaya ne aka sauke sau arba'in.

Maganin wannan shi ne abin da muke kira rumbun darasi: ƙaramar kwamfuta da ke zaune a cikin makarantar, an tara darussan a cikinta, yara suna ɗiba ta Wi-Fi ba tare da ko pesewa ɗaya na data ya fita ba. Ƙaramar kwamfutar nan da ake kira Raspberry Pi 4 mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 ta ishi aji ɗaya ko biyu. Tsohuwar laftop ma tana yi, har ta wani gefen ta fi, domin da batirinta take tafe. Manhajojin da ake sa mata kyauta ne. Kolibri an gina ta ne musamman domin wuraren da babu intanet, malami yana iya buɗe aji a cikinta, ya raba aiki, ya ga wanda ya yi da wanda bai yi ba. Moodle ta fi ta wuyar saitawa, amma ta fi ta ƙarfi wajen gwaji da karɓar muryar da ɗalibi ya naɗa. Kiwix kuma tana ajiye Wikipedia da ƙamusun Wiktionary na Larabci da Faransanci, har da Wikipedia ta Hausa, a buɗe su ba layi. Wanda yake ganin wannan wahalar banza ce ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, Gana ta yi kwanaki layi yana rarrafe. Ajin da darasinsa ke cikin rumbu irin wannan tsinkewa ba ta taɓa shi.

Kuma harshe da kunne da baki ake koyonsa, don haka sauti ne jarin ajin, sauti kuwa ba shi da nauyi. Fayil ɗin MP3 mai kilobit 64 yana cin kusan rabin megabait a minti ɗaya, awa guda kusan megabait 29. Awa 100 na sauraro ba su kai gigabait 3 ba. Idan yara 40 suka kunna shi tare, duka-duka megabit 2.5 da 'yan kai ne ke yawo a iska, daidai da bidiyon yaro ɗaya. Malamin Faransanci yana iya sauke shirin RFI na labarai cikin sassauƙan Faransanci, Journal en français facile, mai minti 10 da ke zuwa da rubutunsa, sau ɗaya, aji ya saurara. Shafin Tatoeba yana da jimloli da fassararsu da aka ba kowa izinin amfani da su. Amma a ganinmu babu abin da ya kai muryar malamin ajin kansa, yana karanta littafin da ke hannun yaran, shafi bayan shafi. Bidiyo idan ya zama dole, a haska shi sau ɗaya a talabijin ko majigi kowa ya gani.

Yanzu sai na'urar da ke watsa siginar. 'Yar MiFi ta aljihu yawanci na'ura 10 zuwa 16 take karɓa, ta gaba sai ta tsaya a bakin ƙofa. Rautar gida mai ƙahonni biyu an yi ta ne domin iyali, da an ɗora mata aji guda sai ta yi zafi ta fara zubar da mutane. Ita ma Wi-Fi ɗin da ke jikin Raspberry Pi ba ta da ƙarfin ɗaukar aji cikakke, kada a dogara da ita. Abin da ake buƙata shi ne na'urar watsa sigina ta maƙalawa a silin, wadda masu aikin ke kira AP, mai ɗauke da Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6. Guda ɗaya mai kyau tana riƙe yara 40 idan sauti suke ji. Idan kowa bidiyo zai kalla a hannunsa, a yi lissafin AP ɗaya ga na'ura 25 zuwa 30.

Dalilin wannan iyaka yana da kyau a fahimce shi, domin shi ne tushen yawancin matsalolin. Wi-Fi kamar zaman fada ne, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, saura su jira. Wayar da ke nesa ko tsohuwa a hankali take magana, tana maimaita abin da ba a ji ba, sai ta cinye lokacin kowa. Ke nan yaro ɗaya da ke can ƙarshen baranda da sigina sanda ɗaya yana iya jan ajin gaba ɗaya baya. Shi ya sa wurin da aka rataya AP ya fi tsadarta muhimmanci. A sa ta a silin, a tsakiyar ajin da za a yi amfani da ita, fuskarta na kallon ƙasa. Kada a kulle ta a ofishin hedimasta don tsoron ɓarayi, kada a sa ta a akwatin ƙarfe, kada a tura ta tsakanin silin da kwanon rufi. Bangon bulo yana rage sigina, bango biyu ya kusa kashe ta, ƙarfe yana mayar da ita baya, jikin mutum kuma ruwa ne mai shanye ta. Idan tsaro ake ji, a yi mata keji na katako ko roba. Wajen aunawa akwai manhajojin waya na kyauta da ke nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi. Lambar -55 ta fi -70 ƙarfi, kuma ana son kowace kujera ta samu -67 ko abin da ya fi haka kyau. A auna yara na zaune a ajin, domin awon ɗaki wayam yaudara ne.

Manyan zanguna biyu na rediyo Wi-Fi ke aiki a kai, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na 2.4 ya fi zuwa nesa da ratsa bango, amma tashoshi uku kaɗai ne a cikinsa ba sa hawan juna: 1 da 6 da 11. A unguwanninmu da gida ke manne da gida, ga shago ga wurin caji ga hotspot ɗin maƙwabta, waɗannan ukun a cike suke. Na 5 yana da tashoshi da yawa, ya fi sauri, kuma rashin ratsa bangonsa alheri ne a makaranta, domin ajin nan ba ya damun ajin can. Matsalar ita ce ƙananan wayoyi da kwamfutocin hannu masu araha da yawa 2.4 kawai suke ji. Saboda haka kafin a sayi kwamfutar hannu ko guda a Adum, a duba takardar bayaninta ko akwai 802.11ac ko 802.11ax, wato Wi-Fi 5 ko Wi-Fi 6, masu jin zangon 5, in ba a gani ba, a ɗauki ɗaya a gwada ta a shagon. A zangon 2.4 a tsayar da faɗin tasha a megahaz 20, AP biyu da ke maƙwabtaka kowace a ba ta tasharta, a kuma rage musu ƙarfi zuwa matsakaici. Mutane suna ganin ƙure ƙarfi shi ne gyara, alhali waya tana iya jin AP daga nesa amma muryarta ba ta isa ta mayar da amsa ba.

Na'urar ƙara nisa da ake soka wa a soket, wadda ke karɓar sigina ta sake watsawa, a bar ta a shago. Rediyo ɗaya take ji da shi take magana da shi, don haka rabin saurin ya tafi tun kafin a fara. Kowace AP a ja mata kebul nata daga suwic, wato akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa a cikinsa. Kebul Cat6 na jan ƙarfe zalla ake so, tsawonsa kada ya wuce mita 100. Akwai mai araha da aluminiyam ne a ciki aka shafa masa jan ƙarfe, akan rubuta CCA a kwalinsa. A kankare sili guda na cikin kebul ɗin da wuƙa, in ya yi fari a ciki shi ne. Yana karyewa a bakin filogi, kuma yana zubar da wuta idan ana ciyar da AP ta kebul. Wannan ciyarwar ita ake kira PoE, kuma muna ba da shawarar a yi ta: suwic mai PoE yana tura har wat 15.4 a kowane baki a tsarin 802.3af, wat 30 a 802.3at, ba sai an kai soket silin ba. Rumbun darasin shi ma da kebul za a haɗa shi da suwic.

Akwai matsaloli uku da ke sa a zargi na'ura alhali saiti ne. Ta farko, rauta ce ke raba wa kowace waya lambar adireshi ta hanyar DHCP, kuma wasu rautocin adireshi 50 ko 100 kawai aka ware musu, suna kuma riƙe wa waya adireshinta kwana guda ko fiye. Ajin safe ya ɗiba, ajin rana ya ɗiba, ajin manya na bayan Magariba ya zo ya tarar babu, waya ta yi ta juyi tana neman adireshi. A faɗaɗa rabon ya kai 200, a rage wa'adin zuwa awa biyu. Shi kuwa rumbun a ba shi adireshi tsayayye a wajen wannan rabo, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman allo. Ta biyu, wayar Android idan ta ga Wi-Fi ba shi da intanet sai ta koma kan datar sim a ɓoye, alamar Wi-Fi na nan a sama amma shafin darasi ya ƙi buɗewa. A kashe datar sim kafin a shiga, in waya ta tambaya ko a ci gaba da zama a wannan layi a ce mata e. Ta uku, layin baƙi na yawancin rautoci yana hana na'urorin da ke kansa ganin sauran na'urorin gidan, har da rumbun. In an sa yara a wannan layi, dole a buɗe musu hanya zuwa adireshin rumbun.

Wuta kuma, duk wanda ya ga shekarun dumsor na yawan ɗauke wuta ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin daɗin shi ne kayan ba su da ci. Rauta kusan wat 10, AP 10 zuwa 13, suwic ƙarami ƙasa da 10, Raspberry Pi kusan 7: a ce wat 40 gaba ɗaya. Ƙaramar UPS mai 650VA batirin volt 12 mai amfiya-awa 7 ne a cikinta, in sabo ne zai riƙe wannan nauyi kusan awa ɗaya, wato a ƙarasa darasi a kashe lafiya. Batirin volt 12 mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. In na dalma ne rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, a cire asarar inbata, ya rage kusan 500, wanda zai kai awa 12. Kada a ɗora cajin kwamfutocin hannu a kan wannan batir, guda 40 suna iya jan wat 400. A yi cajinsu lokacin da wuta take nan. Abin da ɗaukewar wuta ta fi ɓatawa shi ne katin SD, wato katin ajiyar da manhajar Raspberry Pi ke zaune a kansa: in wuta ta yanke tana cikin rubutu, gobe ba za ta tashi ba. A ajiye kati na biyu da aka kwafe tsaf a cikin ambulan, a kuma koya wa malami kashe ta ta manhaja kafin zare filogi. Tsawar damina ta Kumasi kuma ta kan bi kebul ɗin da aka ratayo a sarari daga gini zuwa gini ta ƙone suwic da AP a dare ɗaya. Tsakanin gine-gine a yi amfani da faiba, kebul ɗin da ke ɗaukar sigina da haske, in babu hali a sa na'urar kariya a kowane ƙarshe a haɗa ta da ƙasa. Da hunturu a riƙa busa ƙura daga kayan duk wata.

Mun zo inda zuciyar maganar take, wato abin da ke shiga kunnen yaro. Ana kashe dubbai a rauta da kebul, a zo kan iyafis a sayi na bakin titi, alhali shi ne darasin. Bambancin sin da ca da sodi a Larabci, ko bambancin s da f da ch a Faransanci, wani sashensa a can saman sauti yake, inda layin tarho na da, mai tsayawa a haz 3,400, ke yanke shi. Don haka sara da sin, ya yi tafiya, da sara da ca, ya yi bore, da sara da sodi, ya zama, suna iya yin wuyar bambancewa a sautin da aka matse. Haka dalla da dal da zalla da zaira da wadda ake rubutawa da lodi, harafin da karatunmu na allo ya saba fitarwa kamar lam, shi ya sa muke cewa alƙali da Ramalan. Wannan karatu gadonmu ne, muna girmama shi, amma yaron da zai saurari Balarabe ko ya shiga jami'a a Alƙahira ko Madina yana buƙatar kunnensa ya san ɗayan furucin ma. A Faransanci, Bahaushe ba shi da p daban da f, ba shi da v, don haka pain, faim, bain da vingt, wato burodi, yunwa, wanka da ashirin, su ne gwajin farko. Sai dessus da dessous, sama da ƙasa, da wasali ɗaya ya raba. Yaran Kumasi suna da wata riba a nan da ya kamata malamai su yi amfani da ita: suna jin Twi, Twi kuwa tana da wasulan hanci, kuma tana raba p da f.

Saboda haka malami ya naɗi darasi da Audacity, manhaja ce ta kyauta, a haz 44,100, layin sauti ɗaya, a fitar da shi a kilobit 64 ko 96. Makirfo ya kasance kusan taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada numfashi ya buga shi, a kashe fanka, a zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru, bayan Asuba ya fi. Iyafis kuma mai waya za a saya. Bluetooth a zangon 2.4 yake aiki, guda arba'in a ɗaki ɗaya suna ƙara wa Wi-Fi cunkoso, ga caji, ga shi da an buɗe makirfonsa sautin ke faɗuwa ya koma irin na kiran waya. A duba bakin filogin: mai zobe uku shi ne mai makirfo, mai zobe biyu ji kawai yake yi. Masu zobe ukun ma iri biyu ne, CTIA da OMTP, wayoyin yanzu CTIA suke bi. In aka samu ɗayan, sauti zai fito kamar daga rijiya, makirfo kuma ya yi shiru. A sayi ɗaya a gwada kafin a sayi katan. A tanadi rarar guda biyar, domin wayarsu a gindin filogi take tsinkewa, a riƙa goge su bayan kowane aji.

Wani tarko da ke kama ƙwararru ma: burauza irin Chrome ba ta ba shafi izinin taɓa makirfo sai adireshinsa ya fara da https. Rumbun cikin gida yawanci http ne, don haka maɓallin naɗar murya na cikin Moodle zai ƙi aiki. Ko dai mai haɗawa ya sa wa rumbun takardar shaidar tsaro ya shigar da ita a kowace kwamfutar hannu, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, yaro ya naɗa da manhajar naɗar sauti ta na'urar sannan ya ɗora fayil ɗin.

Rubutun Larabci a allon na'ura shi ma yana da nasa. Yaron da ya taso da rubutun allo na Warshu ya san fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. A waya kuwa rubutun gabas ne, fa ɗigonta ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ranar farko zai ga fa ya karanta ƙaf, ba don bai iya ba. A ware darasi guda a nuna masa wannan da hannu kafin a ba shi gwaji. Zubin haruffa irin Amiri da Scheherazade New suna fitar da wasali a sarari, Alkalami kuma an yi shi ne a kan salon rubutun Kano. Duk kyauta ne, amma a ajiye su a cikin rumbun, domin shafin da ke jiran haruffansa daga intanet tsayawa yake cak. Sunayen fayiloli a rubuta su da boko da lambobi kawai, ba haruffan Larabci ba é ko ç, don kada su rikiɗe su zama akwatuna idan an kwafe su daga na'ura zuwa na'ura. A saka maɓallan Larabci da na Faransanci a kowace na'ura tun kafin yara su zo.

Ga yadda darasi mai minti 40 zai iya tafiya. Minti 5 na farko a raba na'urori, kowace da lambarta a baya daidai da lambar ɗalibi a rajista. Minti 10 sauraro, sau biyu ba rubutu, na uku da rubutu a gaba. Minti 10 maimaitawa: malami ya riga ya yanka sautin jimla-jimla, bayan kowace ya bar shiru da ya ɗan fi jimlar tsawo, yaro ya faɗa, ya naɗa, ya ji kansa, ya sake. Yarinyar da ko kusa ba ta ɗaga murya a gaban aji, a nan za ka ga ta sunkuya da hannu a kan iyafis tana maimaita kalma ɗaya sau shida har ta zauna mata. Sannan a kife na'urorin, minti 10 su yi magana biyu-biyu ido da ido, domin wannan ne abin da ake nema tun farko. Ragowar minti 5 a ɗora murya a tattara kaya. Malami ba zai iya sauraron arba'in kullum ba, ya ɗauki goma a rana, cikin kwana huɗu ya ji kowa. A makarantun da dokar hukumar ilimi ta Gana, GES, ta hana ɗalibai riƙe waya, na'urorin makaranta za a yi amfani da su, kuma guda 20 sun isa in aka sa ɗan rabe-sauti mai baki biyu, yara biyu su ji tare su naɗa bi da bi. Ajin manya na dare kowa ya zo da wayarsa.

Intanet yana da gurbinsa, amma ƙarami. Malami ya sauke sabon abu da shi, sannan a yi hira kai tsaye da mai harshen, ko sau ɗaya a wata. A wannan hira na'ura ɗaya kawai za ta shiga, da lasifika ɗaya da makirfo ɗaya da ake miƙa wa mai magana. In wayoyi da yawa suka shiga kira ɗaya a ɗaki ɗaya, kowace tana jin 'yar'uwarta, sai kuwwa da ƙara. In layi ya yi rauni a kashe hoto, murya kaɗai ba ta kai kilobit 100 ba. Kuma ba sai an je Faransa ba: Lome da Abidjan da Wagadugu agogonsu ɗaya da namu, Yamai awa ɗaya ta fi mu, Makka awa uku.

A buɗe layi biyu, na malamai mai intanet, na ɗalibai mai kaiwa rumbu kawai. In an bar wa yara intanet, a nuna wa kowace na'ura cewa layin na awo ne, wato datarsa a ƙidaye take, in ba haka ba sabunta manhajoji da ajiyar hotuna za su shanye datar wata a yini guda ba wanda ya taɓa komai. A sa 1.1.1.3 na Cloudflare a gurbin DNS na rauta, wato wurin da take neman adireshin shafuka, yana toshe shafukan batsa da na cuta, duk da ba ya maye gurbin idon malami. Kulle ya zama WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, a canza kalmar sirrin shiga rautar da ta zo da ita daga kamfani. Muryar yaro da sunansa amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2012, Act 843, ta shafe su: a nemi yardar iyaye a rubuce, kada a tura naɗin yara zauren WhatsApp, a goge su a ƙarshen zangon karatu.

Ga kwamitin da zai biya mai haɗawa, kada a ba shi cikon kuɗinsa sai an yi gwaji uku a gabansa. A cire sim ko kebul ɗin intanet, na'urori duka su kunna sauti ɗaya a lokaci guda, yara na zaune, a ga ko akwai wadda ta tsaya. A kashe wutar ginin daga mita ana cikin sauraro, a ga ko darasi ya ci gaba. Sannan malamin harshen da kansa, ba mai haɗawa ba, ya ɗora sabon fayil a rumbu ya buɗe shi daga kujerar baya. Bayan haka mai aikin ya miƙa takarda mai ɗauke da kalmomin sirri, da adireshin rumbu, da tashar kowace AP, da zanen inda kowane kebul ya bi, kofi ɗaya a wurin hedimasta, ɗaya a wurin shugaban kwamiti, tare da ambulan ɗin katin SD na biyu.

Mun gode, Malam Edita. Wassalam.

Daga wasu malaman Larabci da Faransanci da masu haɗa na'urorin sadarwa,
Aboabo, Kumasi